AINU MADI: GARIN DA YA RENI SHEHU AHMADU TIJJANI (R.A)

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya kafa duwatsu, Ya ɓuɓɓugar da idanun ruwa a bakin hamada domin bayinSa. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, 'yan kwamitin shirye-shiryen taron bana sun ɗora mini nauyin in yi magana a kan garin da aka haifi Shehunmu, Shehu Ahmadu Tijjani (R.A). Na so in noƙe, domin a zaune a nan akwai waɗanda ko takalmansu ban isa in ɗauka ba, amma malamanmu sun koya mana cewa bin umarni ya fi ladabi. Saboda haka ina neman izini, ina kuma neman gyara a duk inda harshe ya zame.

Wata rana bayan mun tashi daga karatun safe na tambayi ɗaliban da ke zaurena: a ina aka haifi Shehu? Kafin in rufe baki suka amsa gaba ɗaya, suka ce Ainu Madi. Na ce to madalla, a wace ƙasa take? Sai zaure ya yi tsit. Can wani ya ce Maroko, wani ya ce unguwa ce a cikin Fas, wani kuma, Allah Ya yi masa albarka, ya ce yana zaton kusa da Madina take. Ban yi musu dariya ba, domin ni kaina na haura shekara talatin ina jin sunan nan a bakin sha'irai, ina girgiza kai don shauƙi, alhali ban san ko gabas take da mu ko yamma ba. Sai da Allah Ya nufe ni da zuwa ziyara sa'an nan na gane cewa wanda bai san Ainu Madi ba, akwai wani sashe na tarihin Shehu da ya kuɓuce masa, kuma sashen da ya fi kusa da rayuwarmu ta almajirai.

Ainu Madi tana cikin ƙasar Aljeriya ne, wadda Larabawa ke kira Jaza'ir, a lardin Lagwat. Wanda ya sauka a babban birnin ƙasar, wato Aljiyas, da ke bakin teku, zai fuskanci kudu, ya keta duwatsu masu itatuwa, ya wuce Madiya, ya hau wani shimfiɗaɗɗen tudu mai ciyawa da garkunan tumaki, ya wuce Jalfa, sa'an nan ya isa Lagwat bayan tafiyar kimanin kilomita 400. Daga Lagwat sai ya saki babban titi ya yi yamma kimanin kilomita 70. A nan Ainu Madi take, a gindin jerin duwatsun da ake kira Jabal Amur: duwatsu a bayanta ta arewa, sahara a gabanta ta kudu. Shi kuwa babban titin nan da aka saki a Lagwat, idan aka miƙe shi kudu, shi ne yake ratsa Gardaya da Tamanrasat, ya shiga ƙasar Nijar ta Asamaka, ya bi Arlit da Agadas da Damagaram har ya faɗo Kano. Ashe dai hamada ɗaya ce tsakaninmu da su, mu muna bakinta na kudu, su suna bakinta na arewa.

Amma kada wanda ya ji an ce bakin hamada ya ɗauka zafi kawai ake sha. Garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,000 daga doron teku, wato ya kusa kamo tudun Jos, kuma sanyin hunturunsu ya ninka namu nesa ba kusa ba. Ruwa yakan daskare da dare, dusar ƙanƙara takan rufe kawunan duwatsun Amur. A can ne na fahimci asalin alkyabba. Mu a wurinmu tufar sarauta ce da ta manyan malamai, ba a sa ta sai ranar Salla ko ranar naɗi. Su kuwa a wurinsu rigar sanyi ce ta gashin tumaki ko na raƙumi, makiyayi yana lulluɓe da ita yana bin garkensa. Ruwan sama kaɗan ne, kuma ba su da damina irin tamu. Mutanen da ke zaune a garin, a ƙidayar shekarar 2008, kimanin dubu takwas ne. Akwai unguwanni a Kano da Zariya da suka ninka wannan adadi sau da yawa.

Kalmar ainu, kamar yadda ɗalibai suka sani, ido ke nan, kuma Larabawa suna kiran maɓuɓɓugar ruwa da ido kamar yadda mu ma muke cewa idon ruwa. Madi kuwa sunan mutum ne, kuma riwayar da ta fi yawo a bakin mutanen yankin tana danganta shi ga wani shugaba daga Larabawan Banu Hilal. Idon ruwan nan shi ne ran garin. Daga gare shi ake jan ruwa ta magudana zuwa lambunan da ke kewaye, inda ake samun rumman da ɓaure da inabi da kayan miya, kuma a irin waɗannan garuruwa ruwa rabo ne da ake yi bi da bi, kowane lambu da lokacinsa, ana gadonsa kamar yadda ake gadon gona. Tsohon garin, wanda suke kira ƙasru, wato ƙaramin birni mai ganuwa, an gina shi a kan wani ɗan tudu, gidaje manne da juna, lunguna ƙunci har wasu an rufe samansu saboda rana da iska. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Katsina ko Zazzau, ya san ganuwa da ƙofa da lungu, ba zai ji baƙunta ba. Mazauna cikin ganuwa manoman lambu ne da malamai da masu saƙa, na wajenta kuwa Larabawa makiyaya ne masu tantuna, suna kawo tumaki da gashinsu da man shanu, suna ajiye hatsinsu a gari. Yankin Jabal Amur ya shahara da saƙar wata darduma mai kauri, ja da baƙi, wadda har yau ake alfahari da ita a Aljeriya. Abincin girmama baƙo kuskus ne da naman rago, ɗan'uwan burabuskonmu, a biyo shi da shayi mai na'ana'a. Bahaushe ba ya rasa abin ci a can, sai dai zai nemi yaji ya rasa.

To, a wannan ɗan gari aka haifi Shehu a shekara ta 1150 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1737. Mahaifinsa shi ne Sidi Mahammad ɗan Mukhtar, malami ne mai karantarwa, mai tsentseni. Mahaifiyarsa Sayyida A'ishatu 'yar Sidi Muhammad ɗan Sanusi. Akwai wani abu a nan da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Sunan nan Tijjani da muke alfahari da shi, wanda muka raɗa wa dubban 'ya'yanmu, ba daga kakannin Shehu na wajen uba ya samo asali ba, domin su sharifai ne, nasabarsu tana tuƙewa ga Sayyidina Hasan (R.A). Kakansa na huɗu, Sidi Mahammad ɗan Salim, shi ne ya zo ya zauna a Ainu Madi, ya yi aure a cikin ƙabilar da ya tarar a garin, wadda ake kira Tijjana, sai aka riƙa danganta zuriyarsa ga dangin uwa. Saboda haka duk sa'ad da muka ce mu Tijjanawa ne, sunan mutanen wannan ɗan ƙauye muke amsawa, waɗanda suka karɓi baƙo suka ba shi 'ya. Iyayenmu mata da ke sauraro, wannan naku ne. Akwai kuma wata nisbar da ake gani a littattafai, Almadawi, ma'anarta mutumin Ainu Madi.

Yanzu na zo kan abin da ya fi tsaya mini a rai. Me Ainu Madi ta ba Shehu? Ba a can aka yi masa fatahi ba, wannan a Abi Samgun ne. Ba a can ya gina babbar zawiyyarsa ba, ba kuma a can kabarinsa yake ba, waɗannan a Fas suke. Abin da Ainu Madi ta ba shi shi ne allo da littafi. Sidi Aliyu Harazimi ya kawo a cikin Jawahirul Ma'ani cewa Shehu ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 7 a hannun malaminsa Sidi Muhammad ɗan Hammu Attijjani, bisa ƙira'ar Imamu Nafi'u. Mutanen Magrib riwayar Warshu suke karantawa daga Nafi'u, irin wadda gardawanmu suke rubutawa da tawada da alƙalamin kara a tsangayu. Daga nan ya shiga karatun fiƙihu a wurin Sidi Mabruk ɗan Bu'afiya, ya karanta Ahalari, da Risala, da Muƙaddimar Ibnu Rushdi, da Muhtasar na Shehu Halilu.

Ku sake sauraron sunayen nan, ya ku 'yan'uwa: Ahalari, Risala, Muhtasar. Akwai wanda ya zauna a zauren malami a ƙasar Hausa da bai san su ba? Ni dai na tuna ranar da aka fara biya mini Ahalari, ina tsugune a kan buzu, mahaifina ya saye mini shi a bakin kasuwa, takardarsa ruwan ɗorawa. Ban san a lokacin ba cewa mai littafin, Shehu Abdurrahman Al'akhdari, shi ma mutumin Aljeriya ne daga wajajen Biskara, ban kuma san cewa babin tsarki da babin rafkanuwa da nake ta fama da su, Shehu Tijjani ya zauna gaban malami yana yaro an biya masa su kamar yadda ake biya mini ba. Alhazan Maroko da suke bi ta wannan hanya zuwa Makka, waɗanda suka rubuta labarin tafiyarsu tun kafin haihuwar Shehu, sun ambaci Ainu Madi a matsayin garin ɗalibai da masana fiƙihu. Gari ne da bai kai ya kawo ba wajen yawan jama'a ko dukiya, amma karatu ya zama sana'ar mutanensa. A cikin wannan ƙasa aka shuka Shehu, har ya fara karantarwa da ba da fatawa tun yana saurayi.

Ku lura da lissafin shekaru. Ya haddace Alƙur'ani yana da 7. Bai fita neman mazajen tasawwufi ba sai yana da 21. Fatahi bai zo ba sai yana da 46. Shekara kusan arba'in tsakanin hadda da fatahi, kuma babu shekarar da ya ajiye littafi a cikinsu. Mu kuwa yau, ina faɗa da kunya domin har da 'ya'yan cikina a ciki, yaro zai karɓi wuridi ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar yana maganar ma'arifa da fana'i da baƙa'i, idan ka tambaye shi abin da ke wajabta ƙabli da abin da ke wajabta ba'adi sai ya hau kame-kame. Wasu ma har suna furta kalmomin da ke ja wa ɗariƙa zagi, masu neman abin suka su ɗauka su yayata, su ce ga abin da Tijjanawa suke faɗa. Shehu da kansa ya umarci almajiransa su auna duk abin da aka jingina masa da ma'aunin Shari'a, abin da ya dace su ɗauka, abin da ya saɓa su bari. To, wanda bai karanta Shari'a ba, da wane ma'auni zai auna? Ina roƙon iyayenmu muƙaddamai, cikin ladabi, duk zawiyyar da ake wazifa a cikinta a samu wani lokaci, ko tsakanin Magariba da Lisha ne, da za a riƙa biya wa matasa Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Malaman da za su yi wannan muna da su, ga su nan zaune.

Mu koma ga tarihi. A shekara ta 1166 bayan Hijira annoba ta shiga garin, ta ɗauke mahaifin Shehu da mahaifiyarsa a rana ɗaya, yana ɗan shekara 16. Ya ci gaba da karatu da karantarwa a garinsu har shekara ta 1171, sa'an nan ya tafi Fas. Abin da ya biyo baya sananne ne, kuma wasu malamai za su yi bayaninsa a zaman gobe: zamansa a Abyad, da Tilimsan, da tafiyarsa Hajji a 1186, da haɗuwarsa da Shehu Mahmudul Kurdi a Misra da Shehu Sammani a Madina, har zuwa fatahi a Abi Samgun a 1196. Abin da ya shafi maganarmu shi ne dalilin da ya sa bai dawo ya zauna a mahaifarsa ba. A wancan zamani Turkawa ke mulkin Aljeriya, kuma gwamnoninsu da ake kira Bey sun matsa wa garuruwan sahara da haraji. A 1785 Bey na Mu'askar ya fito da runduna har Ainu Madi ya ɗora mata haraji mai nauyi. Matsin bai tsaya ba, har Shehu ya kwashi iyalinsa ya yi hijira zuwa Fas, ya shige ta a 1213, wato 1798, Sarkin Maroko Maulaya Sulaiman ya karɓe shi hannu bibbiyu. A can ya zauna har ya koma ga Ubangijinsa ranar 17 ga Shawwal 1230, daidai da 1815.

Bayan wafatinsa, babban halifansa Sidi Aliyu Tamasini ya mayar da 'ya'yansa biyu, Sidi Muhammadul Kabir da Sidi Muhammadul Habib, zuwa Ainu Madi. Tun daga nan garin ya zama gidan zuriyar Shehu, kuma tun daga nan ya shiga jarrabawa. Turkawa sun kawo masa yaƙi a 1820, suka sake dawowa bayan shekara biyu, ganuwa ta tsare mutanenta. A 1827 Sidi Muhammadul Kabir ya fita da jama'a zuwa wajen Mu'askar domin ya yaƙi Bey na Wahran, bisa alkawarin da wasu daga ƙabilar Hashim suka yi masa na taimako. Da yaƙi ya yi zafi suka janye, aka kashe shi tare da mutanensa. Ku riƙe wannan a zuciya, domin shi ne mabuɗin abin da zai zo.

Abin da zai zo kuwa magana ce mai nauyi, wadda wasu suke ganin gara a tsallake ta a irin wannan taro. Ni ina ganin gara 'ya'yanmu su ji ta daga bakinmu da su tsince ta a bakin wanda ba ya ƙaunarmu. Faransawa sun kama Aljiyas a 1830. A 1832 ƙabilun yammacin ƙasar suka yi mubaya'a ga Amir Abdulƙadir ɗan Muhyiddin, malami, mujahidi, ɗan gidan Ƙadiriyya, kuma daga ƙabilar Hashim ɗin nan ya fito. A 1837 ya ƙulla yarjejeniyar Tafna da Faransawa, ya sami sararin haɗa kan ƙasa kafin yaƙi ya dawo. Yana bukatar garuruwan sahara su zama mafakarsa da rumbunsa idan aka kore shi daga arewa, kuma babu mai ganuwa kamar Ainu Madi. Ya nemi Sidi Muhammadul Habib ya fito su gana, ya kuma buɗe masa gari. Sidi Muhammadul Habib, wanda jinin yayansa bai daɗe da bushewa ba, ya ƙi fitowa, ya ƙi buɗe ƙofa ga kowace runduna, ya ce shi mai zawiyya ne, ba ya neman mulki. A watan Yuni 1838 Amir ya iso da sojoji da igwa ya yi wa garin ƙawanya. Aka sare itatuwan lambuna, aka tare ruwa, aka haƙa ramuka ƙarƙashin ganuwa domin a tashe ta da albarushi, mutanen gari 'yan ɗaruruwa suka yi tsayin daka wata da watanni. Daga ƙarshe aka yi sulhu a kan Sidi Muhammadul Habib zai fice da iyalinsa da jama'arsa cikin aminci. A watan Janairu 1839 Amir ya shiga garin ya rushe ganuwarsa. A cikin rundunar Amir a wannan ƙawanya har da wani Bafaranshe mai suna Leon Roshe, wanda ya nuna ya musulunta, daga baya ya koma wa mutanensa ya zama tafintansu.

Ni almajiri ban isa in yi hukunci tsakanin waɗannan bayin Allah biyu ba. Amir yana da hujjarsa, abokin gaba yana bakin ƙofa kuma ƙasa a rarrabe take. Sidi Muhammadul Habib yana da tasa, ya ga abin da amincewa da alkawarin mayaƙa ya jawo wa gidansu. A wurin Tijjanawan can ana riwaito cewa Amir ya rubuto wasiƙa daga baya yana neman afuwa, yana ɗora laifin a kan masu kai gulma tsakani. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne wanda ya ci riba. Wata shida da ɗoriya Musulmi suna harbin Musulmi, dukiya da albarushi suna ƙarewa, Faransawa suna kallo. Kafin shekarar 1839 ta fita yaƙi ya dawo tsakaninsu da Amir, a 1847 ya ajiye makami, ya ƙare rayuwarsa a Dimashƙa a 1883. A watan Disamba 1852 Faransawa suka auka wa Lagwat, suka yi kisan da har yau mutanen garin suke kiran shekarar da sunan shekarar da gari ya zama kango. Ita kuwa Ainu Madi, mutanenta sun dawo sun sake gina ta, Sidi Muhammadul Habib ya rasu a 1853, kuma gidan ya zaɓi zaman lafiya da masu mulkin mallaka domin ya tsira da zawiyya.

A kan wannan ne masu suka suke cewa Tijjaniyya 'yar amshin shatan Nasara ce. Suna ƙarawa da labarin Sidi Ahmad Ammar, jikan Shehu, wanda Faransawa suka tsare suka kai shi birnin Bordo a 1870, ya auro wata Bafaranshiya mai suna Oreli Pikar, aka gina gidan nan na Kurdan kusa da Ainu Madi, inda aka binne ta a 1933. Duk wannan ya faru, ba ma musunsa. Amma mai adalci zai haɗa da sauran labarin. Shehu Umarul Futi, Batijjane, ya gwabza da Faransawa a Madina ta bakin kogin Sanagal a 1857. Ɗansa Ahmadu ya yaƙe su har suka ci ƙasarsa, ya yi hijira zuwa ƙasar Sakkwato, Ƙadirawa suka ba shi masauki, ya rasu a can a 1897. A Burmi a 1903, sauran jama'arsa Tijjanawa suna tare da Sarkin Musulmi Attahiru a sahu ɗaya gaban bindigogin Ingilishi, kuma daga cikin waɗanda suka tsira akwai Alfa Hashim, wanda ya ƙarasa Madinar Manzon Allah (S.A.W) ya zama madogarar Tijjanawan ƙasashenmu a can. Mu ma nan mun ɗanɗana namu rabon na saɓani tsakanin 'yan ɗariƙun biyu, a lardin Sakkwato a 1949 da 1956, da rigimar ƙabalu da sadalu da dattawanmu suke tunawa. Allah Ya saka wa malaman da suka kashe wannan wuta da alheri. Da na tsaya a gindin ganuwar Ainu Madi, su na tuna.

Wani zai tambaya, me ya sa muka san Fas da Kaulaha fiye da Ainu Madi? Amsa ita ce hanyar da ɗariƙa ta biyo ta iso mana. Shehu Umarul Futi a Hijaz ya sami halifanci daga Sidi Muhammadul Gali, ya biyo ta Barno, ya zauna shekaru a Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wasu silsilolin sun zo ta hannun sharifai da malaman Fas da na Shingiɗi. Sa'an nan Failar Shehu Ibrahim Inyas (R.A) ta zo daga Kaulaha bayan haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937. Ba a fara ganin zuriyar Shehu ta Ainu Madi sosai a ƙasashenmu ba sai da Sidi Bin Umar ya yi rangadinsa na Afirka ta Yamma, ya iso Kano a 1949. Tun daga lokacin ƙafar sharifan gidan ba ta ɗauke ba, kuma da yawa daga cikinmu sun sami albarkar gaisawa da su.

A yau Ainu Madi ita ce mazaunin Halifancin Tijjaniyya na zuriyar Shehu a Aljeriya. A 2010 aka naɗa Sidi Aliyu Bil'arabi a wannan kujera. Mai ziyara zai ga gidan da aka haifi Shehu, da tsohon masallacin garin, da kaburburan 'ya'yansa da jikokinsa, zai kuma zauna wazifa da mutanen da lafazinsu ya ɗan bambanta da namu amma zikirin ɗaya ne. A watan Nuwamba 2006 an yi babban taron Tijjanawa na duniya a lardin Lagwat, a 2007 kuma aka yi wani a Fas. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa gwamnatocin ƙasashen biyu kowace tana son a ce ita ce uwar ɗariƙa. Iyakar ƙasa tsakanin Aljeriya da Maroko a rufe take tun 1994, a 2021 kuma suka yanke hulɗar jakadanci. Tafiyar da Shehu ya yi a kan raƙumi da iyalinsa daga sahara zuwa Fas, yau muridi mai fasfo da kuɗin mota ba zai iya yin ta kai tsaye ba, sai ya zagaya ta wata ƙasa. Mu dai baƙi ne a wurin duka biyun. Idan mun je kada mu ɗauki rigimar da ba tamu ba, kada kuma mu dawo da ita gida muna fifita wannan zawiyya a kan waccan. Mahaifa tasa ce, makwanci nasa ne.

Ga masu niyyar zuwa, bizar Aljeriya daban take da ta Maroko, kuma an fi samun sauƙi idan an tafi a ƙungiya da takardar gayyata. Wanda zai je tsakanin Disamba da Fabrairu ya tanadi kayan sanyi na gaske, kada ya dogara da babbar riga da hula. Ya kuma tafi da ɗan abin sadaka domin masu hidimar zawiyya, gari ne ƙarami, baƙi kuwa ba sa yankewa.

Allah Ya ƙara wa Shehu yarda, Ya jiƙan mahaifansa da malamansa na Ainu Madi, Sidi Muhammad ɗan Hammu da Sidi Mabruk ɗan Bu'afiya, Ya jiƙan malamanmu da suka biya mana karatu, Ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.